Ɗan Haya da Mai Gida a Kano: Abin da Doka Ta Ce, da Abin da Ya Same Ni a Badawa

Jawabin da aka gabatar a taron shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai

 



Da farko ina gode wa Allah da Ya sake tara mu a wannan zaure muna masu rai da lafiya. Malamanmu da 'yan'uwanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu, Ya sa Aljanna ce makomarsu, idan tamu ta zo Ya sa mu cika da imani.

Ranar da sakataren ƙungiya ya kira ni ya ce kwamiti ya ɗora mini jawabin bana, kuma a kan dokar haya, sai na ce masa ai ya yi ɓatan kai, domin a cikinmu akwai lauyoyi, ni kuwa ma'aikacin ofis ne kawai. Sai ya yi dariya ya ce, su lauyoyi a littafi suka karanta, ni kuwa an taɓa ba ni mako biyu in kwashe kayana. Da na ga ya fi ni gaskiya sai na amsa. Saboda haka abin da zan faɗa yau, rabinsa na koye shi ne a wurin 'yan'uwanmu lauyoyi da kuma karance-karancen da tilas ta sa ni, rabinsa kuwa a jikina na ji shi. Inda na yi kuskure, masana suna nan zaune, sai su gyara mini.

ABIN DA YA SAME NI

A rayuwata, a wannan makaranta ce kaɗai na kwana shekara shida a ɗaki ba wanda ya taɓa ce mini kawo kuɗin haya. Tun da na bar ta na gama jami'a na kama aiki, nake hannun masu gida.

A shekarar 2019, da zan yi aure, na sami ciki biyu da falo a Badawa. Wanda bai san unguwar ba, tana jingine ne da Nassarawa GRA, ga Giginyu da Hotoro a kusa. Unguwa ce ta ma'aikata da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu, kowace ƙabila akwai ta, kuma da yawan mazaunanta haya suke yi. Gidan sassa huɗu ne. Mai shi wani dattijo ne da ya yi aiki a masana'antun Bompai, ya tara ɗan abin da ya tara ya gina shi domin ya zame masa fansho. Baba Alhaji muke ce masa. Naira 250,000 nake ba shi a shekara, hannu da hannu, a kan tabarmarsa ta ƙofar gida.

Shekarar farko na ce masa, "Baba, ko za a ɗan rubuta mini rasit?" Sai ya dube ni ya ce, "Haba ɗana, ni da kai sai da takarda? Ai Allah ne shaidarmu." Kunya ta kama ni, ban sake tayar da maganar ba. Jama'a, ga mutumin da kullum a ofis ba ya sakin fayil sai an sa masa hannu, amma ya shekara biyar yana miƙa kuɗinsa ba ko guntun takarda.

A watan Janairu na 2024 na biya kuɗin shekara cif. Cikin azumin shekarar Allah Ya yi wa Baba Alhaji rasuwa, Allah Ya gafarta masa. Magada suka ga gidan ba zai rabu ba sai an sayar, suka sayar. Ran nan cikin watan Yuli, damina ta kankama, iyalina tana da ciki wata bakwai, sai ga dillali da la'asar. Ko zama bai yi ba. Ya ce gida ya canja hannu, sabon mai shi ya ba kowa mako biyu, ko ya biya naira 500,000 ko ya tashi. Na ce masa ai ni na biya har ƙarshen Disamba. Sai ya miƙo mini hannu ya ce, "Yallaɓai, ina rasit?"

A daren nan ban runtsa ba. Ba ni da rabin miliyan, ba ni da takarda, wanda zai shaide ni kuma yana kabari.

Maƙwabcina na sashen baya tela ne mai 'ya'ya biyar, shi wata uku-uku yake biya. Kwana goma da zuwan dillali ya dawo daga kasuwa ya tarar an yanke masa wuta an cire ƙyauren ƙofarsa. Bai yi gardama da kowa ba, domin a saninsa mai gida ikonsa ne. Ya ɗauko motar haya ya kwashe iyalinsa zuwa gidan surukansa a can bayan Dakata.

Ni abin da ya cece ni biyu ne. Na farko, wani ɗan ajinmu lauya, yana cikin zauren nan kuma ya roƙe ni kada in ambaci sunansa. Ya ce mini, "Kada ka fita, kada ka yi faɗa, kada ka daina gaisuwa. Mu je wurin mai unguwa." Na biyu, Hajiya, matar marigayi. Ranar da aka zauna a ƙofar gidan mai unguwa, ga liman, ga babban ɗan marigayi, ga wanda ya sayi gidan, sai ta aiko yaro da wani ƙaramin littafin rubutu da ta tsinta a cikin adakar Baba. Ashe dattijon nan da ya ce ba sai da takarda ba, duk wanda ya ba shi kuɗi sai ya shiga ɗaki ya rubuta da ajami: suna, da wata, da adadi. Liman ya buɗe ya karanta. Ga sunana nan, Janairu, shekara ɗaya. Ga sunan tela a ƙasa, ya biya har ƙarshen Satumba.

Wanda ya sayi gidan ba mugu ba ne, dillali ne ya ce masa ba kowa da haƙƙi a ciki. Nan take ya yarda in cika wa'adina, magada suka ba shi kuɗin watannin da suka rage daga cikin gado. Da shekara ta ƙare muka zauna muka daidaita a kan naira 400,000, biya biyu, a rubuce, da shaidu biyu. Har yau ina cikin gidan. Tela kuwa an kai masa kuɗinsa na wata biyu, amma 'ya'yansa sun riga sun rasa zangon karatu guda, masu kawo masa ɗinki sun watse. Ni da shi haƙƙinmu ɗaya ne. Abin da ya raba mu, ni na sami wanda ya gaya mini cewa ina da shi.

DAGA INA DOKAR TA FARO

Dokar karɓar gida daga hannun ɗan haya ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Tun shekarar 1945 Turawan mulki suka yi ta, jihohi suka gada, kowace ta yi mata nata gyaran. Manufarta ɗaya ce tun asali: kada mai gida ya zama shi ne mai ƙara, shi ne alƙali, shi ne ɗan sanda.

Iyayenmu malamai za su tuna shekarar 1975, lokacin da aka biya ƙarin albashin Udoji da ariyas ɗinsa. Kuɗi suka yi yawa a hannu, kaya suka yi tsada, masu gida suka bi sahu. Daga 1976 sai gwamnatocin soja na jihohi suka shiga kafa dokokin ƙayyade kuɗin haya da kotunan haya na musamman. Aka raba birane shiyya-shiyya, aka ce ɗaki kaza a wuri kaza kada ya wuce kaza. A Legas, Kanar Buba Marwa ya sake gwada haka a 1997. Duk ba a je ko'ina ba, kuma dalilin a fili yake. Gwamnati ta ƙayyade kuɗin ɗaki, amma ba ta ƙayyade kuɗin siminti da kwano ba, kuma masu neman ɗaki sun fi ɗakunan yawa. Mutum zai biya abin da aka ce masa a ɓoye, domin in ya ƙi akwai goma a bayansa.

A 1978 aka yi Dokar Amfani da Ƙasa, wadda ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. A 1992 aka kafa Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda ya tanadi a riƙa cire kashi 2.5 cikin 100 na albashin ma'aikaci domin ba shi rancen mallakar gida. An gina rukunin gidajen Shagari, ga Kundila, ga kuma biranen Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo da aka gina tsakanin 2011 da 2015. Duk da haka jihar da ƙidayar 2006 ta ce tana da mutum sama da miliyan 9, kuma kullum ƙaruwa take, gine-ginen gwamnati ba za su ishe ta ba. Yawancinmu hayar za mu ci gaba da yi, saboda haka gara mu san ƙa'idarta.

ABIN DA YA CANJA A 'YAN SHEKARUN NAN

Abu na farko da nake so mu riƙe shi ne, sha'anin haya a tsarin mulkin Nijeriya na jihohi ne. Kowace jiha da dokarta, Abuja ma da tata. Sau da yawa za ka ga an watsa a Facebook cewa gwamnati ta hana karɓar kuɗin shekara biyu, mutum ya ɗauka ya je yana yi wa mai gidansa tsiwa a Kano, alhali dokar Legas aka karanto masa.

Ita dokar Legas ɗin, Gwamna Babatunde Fashola ne ya sa mata hannu a 2011, kuma ya kamata mu san abin da ta ƙunsa domin ita ce ake kafa misali da ita. Ta haramta karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, da fiye da na wata 6 daga wanda yake ciki yana biya wata-wata. Wanda ya karɓa da wanda ya bayar duk sun yi laifi, tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 3. Ta wajabta ba da rasit. Ta ba ɗan haya damar kai ƙara idan ƙarin da aka yi masa ya wuce hankali. Ta ce wanda ya fitar da ɗan haya da ƙarfi, ko ya rushe masa gini domin ya tashi, tarar naira 250,000 ko ɗaurin wata 6. Amma ta tsame unguwannin manya guda huɗu, wato Apapa da Ikeja GRA da Ikoyi da Victoria Island. A 2025 majalisar dokokin jihar ta ɗauko wani sabon ƙudiri domin yi mata garambawul, har da rage la'adar dillalai.

A 2022 Sanata Smart Adeyemi ya kai ƙudiri Majalisar Dattawa yana neman a riƙa biyan haya wata-wata a Abuja, kuɗin shiga kada ya wuce na wata 3. Ya tsallake karatu na biyu, amma wa'adin majalisar ya ƙare bai zama doka ba. A Gana dokar haya ta 1963 ta ce kada a karɓi fiye da kuɗin wata 6, amma ku tambayi 'yan'uwanmu na Zangon Kumasi, za su gaya muku kuɗin shekara biyu ake nema. A Ingila kuwa, cikin Oktoban 2025 aka yi dokar da ta soke ikon mai gida na tashin ɗan haya haka kawai ba tare da ya kawo dalili ba. Kun ga ke nan matsalar ba tamu ba ce mu kaɗai, kuma rubuta doka daban, aiki da ita daban.

Akwai canje-canje biyu da suka shafe mu kai tsaye a nan Kano, domin daga tarayya suka fito.

Na farko hukuncin Kotun Ƙoli ne na 2021, a shari'ar kamfanin Pillars da iyalan Desbordes, rigimar da ta shafe fiye da shekara 20 a kotuna. A da, ɗan haya mai wayo yakan sami ɗan kuskure a takardar notis, ko kwana ɗaya ne ya gaza, sai kotu ta kori ƙarar, mai gida ya koma farko. Mai shari'a Helen Ogunwumiju ta bayyana cewa wannan wasa ya isa haka, idan an shigar da ƙara an kai wa ɗan haya sammaci, wannan ma sanarwa ce, kuskuren notis ba zai zama mafaka ba. Lauyoyi suna ta muhawara a kan iyakar wannan magana, amma darasin da ni na ɗauka shi ne, kada ɗan haya ya dogara da dabara. Ya dogara da biyan haƙƙi da riƙe shaida.

Na biyu sabuwar dokar haraji ce da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu ranar 26 ga Yuni 2025, aka sanya 1 ga Janairu 2026 ranar fara aikinta. A cikinta an yi wa ɗan haya rangwame: kashi 20 cikin 100 na kuɗin hayar da ya biya a shekara, matuƙar bai wuce naira 500,000 ba, za a cire shi daga kuɗin shigar da ake yanka masa haraji a kai. Misali ni da nake biyan naira 400,000, za a tsame naira 80,000 daga abin da za a lissafa mini haraji. Ba kuɗi za a ba ni a hannu ba, harajin ne zai ragu. To amma sai ka bayyana abin da ka biya, kuma hukuma tana da ikon ta ce kawo shaida. Ga shi mun sake dawowa kan rasit.

MATAKAN DA DOKA TA SHIMFIƊA

Yanzu bari in faɗi abin da tela bai sani ba, wanda ni ma ban sani ba sai da uwar bari ta sa na tambaya.

Mai gida yana da ikon karɓar gidansa, ba mai ja da wannan. Amma akwai hanya. Mataki na farko, notis a rubuce. Idan ba a yi wata yarjejeniya daban ba, ma'aunin da dokar Abuja ta ajiye, wanda dokokin jihohi da yawa suka bi, shi ne: mai biya mako-mako a ba shi mako 1, mai biya wata-wata a ba shi wata 1, mai biya wata uku-uku a ba shi wata 3, mai biya shekara-shekara a ba shi wata 6. Mataki na biyu, idan wa'adin ya cika bai tashi ba, a ba shi wata takardar ta kwana 7 cewa za a kai shi kotu. Mataki na uku, a shigar da ƙara, alƙali ya saurari kowa. Mataki na huɗu, idan kotu ta ce ya tashi, ma'aikatan kotu ne za su fitar da shi. Ba mai gida ba, ba dillali ba, ba 'yan daba ba.

A nan sai a yi hattara da abu biyu. Idan ka sa hannu a takardar da ta ce notis ɗinka wata ɗaya ne, to ka ɗaure kanka, abin da ka sa wa hannu shi kotu za ta duba. Haka kuma idan takardar ta ce hayar ta shekara ɗaya ce tak, daga rana kaza zuwa rana kaza, ranar da ta cika ta ƙare, ba sauran maganar wata 6, sai ta kwana 7 kawai. Don haka a karanta kafin a sa hannu, in an kasa ganewa a kai wa wanda ya sani.

Cire ƙyaure, da yaye kwano, da yanke wuta ko ruwa, da sa wa ƙofa kwaɗo, da watso kaya waje, duk ɗaukar doka a hannu ne, kuma wanda aka yi wa yana iya neman diyya. Ko gwamnati ba a yarje mata ba. Dattawanmu sun san Odumegwu Ojukwu tun yana kwamandan bataliya ta biyar a nan Kano a 1966. A 1985 gwamnatin sojan Legas ta tura masu ɗauke da makamai suka fitar da shi daga wani gida a Ikoyi alhali magana tana gaban kotu. A 1986 Kotun Ƙoli ta yi tir da wannan aiki, ta ƙi sauraren buƙatar gwamnatin tun da ta raina umarnin kotu. To idan gwamna mai bindiga bai isa ba, ina ga dillali mai guduma?

Addininmu ma bai bar wannan babi ba. Wanda ya yi karatun zaure ya san hukunce-hukuncen haya suna cikin Risala da Muhtasar. A mazhabarmu ta Malikiyya sharaɗi ne a san kuɗin a san wa'adin, kuma haya ba ta warwarewa don mai gida ko ɗan haya ya mutu, sayar da gida ma ba ya rushe ta. Wanda ya saya, ya saya ne da wa'adin da ke kai. Abin da liman ya faɗa ke nan a ƙofar gidan mai unguwa, lauya ya ce shi ma abin da ke cikin nasa littafin ke nan. Kuma kowa ya sani ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Saboda haka neman rasit ba rashin yarda ba ne, ba kuma rashin kunya ba ne. Bin umarni ne.

Wuraren kai kuka kuwa suna nan. Akwai mai unguwa da dagaci, waɗanda a gaskiya su suke kashe mafi yawan irin wannan wuta. Akwai Hukumar Hisba da take yin sulhu. Akwai gidan sulhu na Babbar Kotun Jiha da aka buɗe a 2009. Akwai kotun ƙananan basussuka da aka buɗe a 2019, wadda a lokacin buɗe ta take sauraren bashin da bai wuce naira miliyan 5 ba, kuma ba dole sai da lauya ba. Akwai kotun haya ita kanta. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya yana iya zuwa Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda take nan tun 1976.

MAI GIDA MA YANA DA NASA KUKAN

Kada a ce ɗan haya ya hau mumbari ya yi son kai. A zauren nan akwai malamanmu da suka zuba giratutinsu kaf a ɗaki biyu ko uku domin su sami na cefane. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023 komai ya tashi. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama, kuma a Disambar shekarar Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100. Mafi ƙarancin albashi da Jihar Kano ta amince da shi a 2024 naira 71,000 ne. Wanda yake kan wannan albashi, ko bai ci bai sha ba, sai ya tara na kusan wata shida kafin ya biya irin hayata. Mai gida yana da gaskiya in ya ce kuɗin da bai isa gyaran rufi ba. Ɗan haya yana da gaskiya in ya ce albashi bai motsa kamar yadda kasuwa ta motsa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, a cikinmu 'yan haya akwai azzalumai. Akwai mai shekara biyu bai biya ba, in an yi magana ya ce a je kotu. Akwai mai barin bashin wuta, da mai fasa bango, da mai tashi da dare da makulli a aljihu. Irin waɗannan su suka sa masu gida suke neman kuɗin shekara biyu a dunƙule, suke tambayar mutum garinsu da sana'arsa da yawan 'ya'yansa kafin su ba shi ɗaki. Takardar da nake ta magana a kanta, kamar yadda take kare ni, haka take kare Malam.

SHAWARA GA ƘUNGIYA

Ya shugaban taro, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ina da roƙo huɗu ga wannan ƙungiya.

Na ɗaya, lauyoyinmu da malaman addininmu su zauna su tsara takardar yarjejeniyar haya mai shafi ɗaya, da Hausa, a boko da ajami. Ta ƙunshi sunan mai gida da na ɗan haya, da adadin kuɗi, da ranar farawa da ta ƙarewa, da tsawon notis, da wanda gyaran rufi da masai da famfo yake kansa, da yadda za a sanar da ƙari, da wurin sa hannun shaidu biyu. A buga ta a mujallarmu ta baɗi, kowa ya kwafa kyauta, a kai wa masu unguwanni.

Na biyu, mu da muke da gidajen haya mu fara da kanmu. Mu sayi littafin rasit, kuɗinsa bai kai na kwanon shinkafa ba. Wanda albashi yake ɗauka, mu karɓa masa wata-wata ko wata uku-uku, tun da shi ma ba a shekara ake biyansa ba. In za mu yi ƙari, mu faɗa tun da sauran watanni.

Na uku, a ware wani abu daga asusun ƙungiya domin rancen haya marar ruwa ga 'yan'uwa da malamanmu da matan waɗanda suka rasu, a riƙa biya a hankali.

Na huɗu, ƙungiya ta rubuta wa wakilanmu a Majalisar Dokokin Jiha ta roƙe su abu uku: a buga dokar haya ta jiha da Hausa a riƙa karanta ta a gidajen rediyo, a yi wa dillalai rajista a ƙayyade la'adarsu, kuma a duba yawan kuɗin da ake nema kafin shiga gida. Muna da 'yan'uwa a majalisa da ma'aikatar shari'a da gidajen jarida. Ranar amfaninsu ke nan.

KAMMALAWA

Kwanan baya na haɗu da tela a Kasuwar Yankaba. Muka gaisa, na tambaye shi yara, ya ce sun koma makaranta, alhamdu lillahi. Da za mu rabu sai ya sa hannu a aljihu ya zaro wata takarda a cikin leda ya nuna mini. Rasit ne na sabon ɗakinsa. Ya ce, "Malam, yanzu ko kuɗin shara na biya sai an rubuta mini."

Roƙona ga kowa a nan, in kai ɗan haya ne, kafin watan nan ya ƙare ka je wurin mai gidanka da ladabi ka nemi a rubuta abin da ke tsakaninku. In kai mai gida ne, kada ka jira a roƙe ka. In kuma kana da maƙwabci irin tela, ka gaya masa abin da ka ji yau tun dillali bai zo ba. Ba kowane Baba Alhaji ne yake da littafi a adaka ba, ba kuma kowace Hajiya ce za ta aiko da shi ba.

 Allah Ya ba marar gida gida, Ya ba mai gida haƙuri da 'yan haya na gari. Allah Ya ɗaukaka makarantarmu da ƙungiyarmu, Ya zaunar da Jihar Kano da Nijeriya lafiya, Ya mai da kowa gidansa lafiya.